Lambar da Ke Cikin Bidiyon Bikin Zulai

Tunda na dawo daga Damagaram babu wadda ta haɗu da ni ta bar ni na wuce. A bakin famfo, a gidan suna, har a layin asibiti, tambayar ɗaya ce: Saratu yaya Nijar, me kika gano, da gaske an gane wanda ya fitar da bidiyon? Na gaji da maimaitawa. Kuma duk wadda na ba wa labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ya kai kunnen ta gaba. Shi ya sa na rubuta sau ɗaya. Wadda ta sake tambayata, takardar zan miƙa mata.

Ga wadda ba ta sani ba, ni ce nake riƙe kyamara a shagon yayana Nafi'u da ke kusa da gada a nan Wudil. Shi yana ɗaukar wajen maza, ni ina shiga inda namiji ba ya shiga. A bikin ƙawata Zulai, 'yar Hajiya Tabawa, ni na ɗauki yinin mata. An rufe ƙofa, an ajiye mayafai, matan manya sun yi rawa son ransu, har Hajiya da kanta ta shiga fili. Aka kai amarya Damagaram. Bayan wata biyu sai ga rawar nan a wayoyin 'yan acaɓa a Wudil, ana tura wa juna.

Mazaje suka yi fushi, matan suka nemi wanda za su ɗora wa. A wani suna a Dagumawa Hajiya Tabawa ta faɗa a gaban mutane cewa ni na sayar da shi. Cikin sati guda aka fasa kirana aiki a Kausani, aka fasa a Darki. Wata da muka yi makaranta tare ta gan ni da kyamara ta ja mayafi ta rufe fuska.

Yaya bai damu kamar yadda na damu ba, saboda akwai abin da ya sani. A jami'a ya karanta kwamfuta, kuma yana da wata ɗabi'a da nake ɗauka ɓata lokaci ce: duk faifan da ya buga sai ya ɓoye lamba a cikinsa. Ya yi mini bayani, ga yadda na gane. Bidiyon da ke cikin faifai matsatse ne. Kwamfuta ba ta ajiye kowane hoto cikakke, takan ajiye ɗaya sannan ta riƙa rubuta abin da ya motsa kawai. A cikin wannan lissafin nata Yaya yake ɗan taɓa launi a wasu wurare, kaɗan ƙwarai yadda ido ba zai gani ba. In aka haɗa wuraren sai su ba da lamba. Faifan bikin Zulai uku ya buga. Na ɗaya na Hajiya, na biyu na gidan ango, na uku namu na shago.

Na ce to ya karanta mana mu huta. Ya ce wanda ke yawo a wayoyi ba zai karantu ba. Duk lokacin da aka sake matse bidiyo don ya shiga ƙaramar waya, abin da ido ba ya gani shi kwamfuta take fara zubarwa, lambar kuma a can take. Sai an samo kwafin farko, babba, yadda aka kwafe shi daga faifai.

Ranar Juma'a wani dillalin shanu da ya zo kasuwa daga Nijar ya gaya wa Yaya cewa shi tun kafin bidiyon ya iso nan ya gan shi, a shagon wani mai turi, wato mai tura wa mutane fim da waƙa a waya, da ake kira Mutari a bakin babbar kasuwar Damagaram, kuma tas yake fitowa a kwamfutarsa. Yaya ba zai iya rufe shago ba. Ni kuwa ba ni da aiki, an riga an kore ni daga ko'ina. Baba ya yarda da sharaɗin a gidan Zulai zan sauka. Yaya ya ba ni memori sabo ya ce, "In an zuba miki, ki gwada shi a wayarki tun kina wajen. In ya buɗe, ba shi ba ne. Na gaskiyar ya fi ƙarfin wayarki."

Na ce na ji. Ku riƙe wannan, don zan dawo kansa.

Daga Wudil zuwa Kano babu abin faɗa. A Kano na shiga motar Daura, aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku. Kusa da ni wata dattijuwa ce, Inna Mariya, mai kai robobin wanka da bokitai Nijar. Kafin mu fita gari ta san sunana, sunan babana da dalilin da ya sa ban yi aure ba. Ni ban tambaye ta komai ba amma na san tana da hawan jini da suruka mai rowa. Lokacin yaƙin neman zaɓe ne, kowace bishiya da hoton ɗan takara. Kafin Kazaure ayarin wani ya tare hanya, motoci da lasifika da samari a kan rufi, muka tsaya kusan awa guda. Suna wucewa tayarmu ta baya ta fashe. Direba ya ce kowa ya sauka, aka sauke bokitan Inna don a ciro safaya, iska ta kwashi guda biyu ta yi gona da su. Ni na bi su. Ban san ya aka yi na zama 'yar aikinta ba.

A Daura muka ci ɗanwake a tsaye, muka sauya mota zuwa Kongolam. Kan iyakar bai kai yadda nake tsammani ba. Na ɗauka zan ga katanga. Sanda ce aka gitta da 'yan ofisoshi, mutane na wucewa da kaya a ka. A ɓangaren Nijar aka ce mu sauka, jandarma ya karɓi katunanmu yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Katin zaɓe na ba shi. Ya duba hoton ya dube ni, ya sake duba hoton, ya tambaya ko ni ce. Na ce ni ce, wanda ya ɗauka ne bai san aikinsa ba, ya sa ni na juya wa rana baya. Bai yi dariya ba, ya miƙo mini. Na ciro waya zan ɗauki tutarsu, Inna ta buge mini hannu ta ce in ba so nake in kwana a nan ba in mayar da ita jaka. Da na duba ma, layina ya riga ya ɗauke. Daga nan ba ni da yadda zan kira Yaya.

Hanyar can siririya ce amma babu ramuka kamar tamu, kuma direban bai yi gudu ba. Wannan ya ba ni haushi. A Matamai aka tsaya sallah, Inna ta saya mini burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri har ya kankare mini dasashi. An tsaga shi an zuba wake da mai. Na cinye, don yunwa nake ji.

Da la'asar muka shiga Damagaram. Acaɓa a can kabu-kabu ake ce masa. Abin da ya fi ba ni mamaki mata ne a kan babur suna tuƙa kansu, da hijabinsu, babu mai kallonsu. A Wudil da yara sun bi ki har gida.

Zulai ta rame. Ta rungume ni ta daɗe ba ta sake ni ba, ni kuma ba na son runguma. Mijinta, Malam Habu, malamin makaranta ne, mutanen unguwa na ce masa mushe, haka suke kiran malamin boko a can. Mutum ne mai magana a hankali. Bayan gaisuwa ya shiga ɗaki ya fito da akwatin ƙarfe, ya buɗe da mukulli ya nuna mini faifansu, ko ledar ba a cire ba. Ya ce ba su da na'urar kallo, kuma shi ma yana son a gano gaskiya, don ana ta yi wa danginsa kallon banza.

Zulai ta cika mini gaba da abinci. Akwai wanda suke kira kopto, zogale ne da ƙuli kamar kwaɗonmu, sai dai nasu ya fi yaji. Furarsu ta fi tamu, wannan ba zan yi gardama ba. Shayi kuwa a 'yan ƙananan kofuna ake shansa har sau uku, na farko ɗaci kamar magani, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Ina sha ina ba ta labarin lambar, yadda Yaya ya ɓoye ta da yadda matsewa ke wanke ta. Ta tambaye ni sau biyu ko da gaske in an matse shikenan lambar ta tafi. Na ce da gaske. Na ɗauka sha'awar ilimi ce.

Washegari na so mu fita da sassafe, Zulai ta ce sai na gaida uwar mijinta, sai na gaida maƙwabta, sai an dafa na rana. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, kuma kowa sai ya tambayi labarin Najeriya kamar ni nake mulkinta. Muka isa kasuwa rana ta take, muka tarar shagon a rufe. A can da azahar gari yake mutuwa. Kowa ya tafi gida ya ci ya kwanta, har masu shago, sai wajen la'asar a dawo. Na zauna a kan benci awa uku ina kallon ƙofar kwano. A Wudil mai shagon da ya yi haka, kafin ya farka maƙwabcinsa ya kwashe masa mutane.

Mutari ya zo yana sakace. Dogo ne, da fara'a. Na gaya masa abin da ya kawo ni, ban ɓoye ba. Bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce duk abin da aka kawo a tura a waya yakan bar kwafi a kwamfuta, haka kowa yake yi, kuma ba zai iya tuna wanda ya kawo wannan ba, mutane nawa ne ke shigowa a rana. Zulai tana bayana da niƙabi, tun daga gida ta sa shi ta ce haka matan aure suke yi a unguwarsu. Ya buɗe bidiyon, ga shi nan tas, aikina, har inda hannuna ya ɗan girgiza da wata ta ture ni. Na ba shi memori na ce ya zuba mini shi yadda yake. Ana cikin haka aka kira sallah, na tsallaka wani gida na yi, na bar Zulai a wajen. Da na dawo ya gama. Na karɓa, na naɗe a takardar alewa na ƙulle a bakin ɗankwali.

Ban gwada ba. Na gaji, raina a ɓace, ina son in bar wajen. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Da safe na hau motar komawa. Sai a Matamai, muna jiran direba ya gama cin abinci, na rasa abin yi na kwance ɗankwali na sa memorin a waya. Ya buɗe. Ga Hajiya Tabawa tana juyi, ƙarama, dishi-dishi, kamar ana kallonta ta cikin ruwa. Na zauna ina kallo har ta gama juyin. Sannan na sauke jakata na tsallaka titi na tsaya a ɓangaren masu komawa Damagaram. Direban ya biyo ni yana tambaya ko wani ya ɓata mini rai. Na ce babu kowa, mantuwa na yi.

Wannan karon na isa kasuwar kafin masu shago su tafi barcin rana. Na ajiye wa Mutari memorin a kan tebur na ce ba haka na ce ya yi ba. Ya ce ai ƙawar nan tawa mai niƙabi ce, bayan na fita sallah, ta ce ya matse mini shi don wayata ƙarama ce ba za ta ɗauka ba. Har ya ƙara mini waƙoƙi kyauta, ban gani ba? Na ce ya goge duka ya zuba babban. Na tsaya a kansa. Abin yana tafiya kamar ba zai ƙare ba, wuta ta ɗauke a tsakiya, ya tada inji aka sake daga farko. Da ya gama na sa a waya, ta rubuto cewa ba za ta iya buɗewa ba. Ban taɓa jin daɗin gazawar wayar nan ba sai ranar. Na ce ya goge na kwamfutarsa, ya goge a gabana, ko da yake ni da shi mun san an makara.

Zulai tana tankaɗe a tsakar gida na shiga. Mijinta yana makaranta. Ta ɗago ta gan ni, ta ajiye rariyar.

Na ce, "Lamba nawa za ta fito?"

Ta shiga kakkaɓe garin da ke hannunta.

"Zulai, mota nake son kamawa. Lamba nawa?"

"Ta Umma," in ji ta. "Ranar da za a kawo ni na cire faifanta daga kwalinsa na sa a cikin kayana. Nan ba mu da abin kallo. Na kai aka sa mini a waya."

"Don me?"

"Ban san kowa a garin nan ba, Saratu. Ina son in riƙa ganin Umma tana rawa. Ban san Mutari yana ajiye kwafi ba."

Na ce da ta tambaye ni tun a gida, aikin minti biyar ne, da ni da kaina na sa mata. Ta ce kunya ta ji, kada a ce amarya tana ɗokin kallon kanta. Na ce to da ta ji ana zagina fa? Ta ce kullum tana cewa gobe za ta kira Umma ta faɗa, goben ba ta zo ba. Sannan ta roƙe ni in ce ban samu ba, in ce an goge. Mutane za su manta.

"Ke za su manta da ke," na ce. "Ni kullum suna ganina."

Ta yi kuka. Na jira ta ɗan lafa, na ce ba zan kira sunanta a gaban kowa ba, amma memorin zan kai shi. Ta shiga ɗaki ta fito da kilishi a leda ta ce in kai wa Umma. Na karɓa. Dare zai yi mini a hanya, dole na sake kwana a gidan, muka ci tuwo ina ɗan tsakura, Malam Habu yana ta tambaya ko yajin ne ya yi mini yawa.

Dawowa babu labari. Jandarman nan dai ya sake duba hotona. Layina ya dawo bayan Kongolam, saƙonnin Yaya suka shigo a jere, ban amsa ko ɗaya ba, na ce sai na iso.

Yaya ya aika aka kira Hajiya Tabawa shago. Ta zo da shirinta, da kwalin faifanta a jaka, don ta nuna mana cewa nata yana nan a inda ta ajiye tun ranar da aka kawo mata. Yaya ya sa memorin, kwamfuta ta yi ta aiki, mu uku muna kallon allo kamar akwai abin da muke ganewa. Can sai ga lamba ta fito a kusurwa: ɗaya, lambar faifan Hajiya. Ya sa faifanmu na shago don ta gani, ya ba da uku.

Hajiya ta ce ƙarya ne, na'ura ce, shi ya tsara ta. Ta zuge jaka ta ciro kwalin ta buɗe shi a gabanmu. Babu komai a ciki.

Ta daɗe tana kallon kwalin. Ba ta tambayi yadda aka yi ba, ta san wanda ya shiga ɗakinta a satin bikin, ta kuma san inda na je. Ta dube ni ta ce, "Tana lafiya?"

Na ce ta rame, amma tana lafiya, na miƙa mata kilishin. Sannan na ce, "Hajiya, a gaban mutane kika faɗa. A gaban mutane nake so ki warware." Yaya ya taka mini ƙafa. Na janye ƙafata.

Ba ta ba ni haƙuri ba, har yau. Amma sati biyu bayan nan, a walimar saukar karatu a Dagumawa, kusan matan da suka ji na farko duk suna wajen, ta miƙe kafin a raba abinci ta ce faifan daga gidanta ya fita, Saratu ba ta da hannu, wanda ya ji akasin haka daga bakinta ya goge. Ta zauna. Ba ta kira sunan kowa ba, wasu suka ɗauka mai aikinta ce. Da Zulai ta ji haka sai ta gaya wa mijinta da bakinta, ta kira Umma, ta kira ni ta ce in faɗa wa duk wanda ya tambaya, ba ta son a sake ɗora wa wata. Shi ya sa kuka ga sunanta a nan. Malam Habu ya yi kwana uku ba ya mata magana, a na huɗu ya sayo na'urar kallo.

Mutanen Kausani sun sake kirana. Na Darki ba su kira ba. Yanzu in na shiga gidan biki, kafin in kunna kyamara nakan gaya musu cewa kowane faifai da lambarsa, kuma kada wadda ta kai shi wajen mai turi. Wadda ke son shi a waya ta zo wajena.

Juma'ar da ta wuce dillalin shanun nan ya zo kasuwa. Na ba shi memori a takardar alewa ya kai wa Zulai. Na yanko mata wajen da Umma take rawa, daga shigarta fili har fitarta, na matse shi da kaina. Na gwada a wayata kafin in ba shi. Ya buɗe.